Mai Kai Kaya Gasar Baje Kolin Amfanin Gona: Abin Yi da Abin Bari

Wannan gargaɗi na duk wanda ya ƙudurta kai kayansa gasar baje koli ne, ko wadda ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi, ko ta ƙasa da ake yi a Tudun Wada kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ko ƙarama wadda ƙaramar hukuma kan shirya bayan kaka. Tiya guda ta hatsi da ka ajiye gaban alƙalai shaida ce a kan rumbunka gaba ɗaya, kuma da sunanka da na garinku za a kira ta. Saboda haka ba zan sassauta ba.

Kada ka kai abin da ba kai ka noma ba. Wannan ce ta farko, kuma duk sauran a bayanta suke. Mutum ya tashi ya je kasuwar Aliero, ya zaɓo albasar da ta fi kyau a buhun wani, ya zo ya rubuta sunansa a kai, wannan sata ce ko da ya biya kuɗi, domin ladan gumin wani ya ɗauke. Kuma asiri ba ya daɗewa. Malamin gona da ya san aikinsa zai tambaye ka wane iri ne, yaushe ka yi reno, yaushe ka dasa, sau nawa ka zuba taki, wace cuta ta taɓa ta a bana. Wanda ya sunkuya a fadama amsar na bakinsa. Wanda ya saya sai kame-kame. Haka nan maigida, kada ka ɗauki ƙuli-ƙuli ko daddawar da uwargida ta kwana tana yi ka shigar da sunanka don kai ne mai fita. Rubuta sunanta, in kyauta ta fito ka kai mata har ɗaki.

Ka je ka nemi ƙa'idar gasar tun da wuri, wurin malamin gona ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarku. Ranar rufe rajista, yawan abin da ake so a kawo, ajin da kayanka za su shiga. Kada ka dogara da "an ce".

Ka san sunan irinka, kuma kada ka gauraya. In shinkafarka FARO 44 ce, ka faɗa haka. In gyaɗarka ɗaya ce cikin SAMNUT da cibiyar bincike ta Samaru a Zariya ta fitar, ko geronka SOSAT ne, ka rubuta a takarda ka ajiye a gaban kayan. In kuwa irin gado ne, kaura ko farfara ko zango da ka tarar a rumbun mahaifinka, kada ka ji kunyarsa, kada kuma ka laƙa masa sunan irin zamani. Irin da ya jure fari da ƙasar garinku shekaru da dama yana da abin nunawa. Abin da ke kayar da mutum shi ne a watsa shinkafarsa a faifai a ga doguwa da gajera da ja sun cuɗe.

Kada girma ya ruɗe ka. Manoma da yawa kan ɗauko ƙatuwar albasa guda ɗaya su ɗora kan ƙanana, suna ganin sun gama. In ba gasar mafi girma aka ce ba, abin da ido ke nema shi ne kaya su zo kai ɗaya: girma ɗaya, launi ɗaya, nuna ɗaya. Albasa goma matsakaita da suka yi kama da juna sun fi tara ƙanana da uwa guda. Ɗauki kowace ka danna wuyanta da babban yatsa. In wuyan ya bushe ya tsuke, ɓawon na ƙara a hannu, ta yi. In ya lotsa, ko ka ji sanyin danshi, ajiye ta gefe, ruɓa ta riga ta fara daga ciki ko da fuskarta na sheƙi. Ka daina ba ta ruwa kafin cira, ka bar ta ta sha iska a inuwa har ganyen ya bushe, sannan ka yanke ka bar ɗan wuya. Kada ka ɓare ta har sai ta yi tsirara don ta yi kyau, kada ka wanke ta. Goge ƙasar da busasshen ƙyalle ya isa. Mutanen Galmi a Nijar ba da ƙatuwar albasa suka yi suna ba, sun yi shi ne da albasar da ke da launinta da yajinta kuma take jure ajiya.

Tumatir da tattasai ka tsinke su da sanyin safiya, kada ka danna su a kwando ɗaya bisa ɗaya har na ƙasa su fashe. Kada ka kuskura ka nunar da mangwaro ko ayaba da kabayid ɗin masu walda. Hukumar NAFDAC ta hana, kuma guba ce kake ba mutane.

Ka busar da hatsinka sosai, a kan tamfol ko tabarma. Kada ka shanya a gefen kwalta, inda tsakuwa da ƙura da kashin dabbobi da man mota ke shiga ciki. In kana shakkar bushewa, ciji ƙwaya: busasshiya tana fashewa da ƙara, mai danshi tana lotsawa. Ko ka samu busasshiyar kwalba, ka zuba hatsi da busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, koma shanya. Masara da gyaɗa su ne suka fi haɗari, domin danshi na kawo musu fumfuna mai haifar da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Duk ƙwayar gyaɗa da ta yamutse, ta canza launi ko ta yi ɗaci, tsince ta ka zubar. Kada ka ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita, kada ka ba kaji. Bayan haka a sheƙe, a bakace, a zauna a tsince da hannu. Tsakuwa guda ɗaya da ta haɗu da haƙorin alƙali ta isa ta shafe wahalar damina.

A kan wake zan ɗaga murya. Kada ka zuba masa Sniper ko piya-piya don ƙwari kada su huda shi kafin ranar gasa. Sinadarin da ke cikinsu, dikulobos, shi ne dalilin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Kasuwa guda ta rufe wa ƙasa baki ɗaya saboda wannan ɗabi'a, ban da waɗanda suka ci a gida suka kwanta. Akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Ka busar da wake, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaron zai mutu da kansa don rashin iska. Wake mai warin magani bai cancanci ya hau teburin gasa ba, kuma mai shi ya cancanci a kore shi.

Kada ka yi algus. Mai kyau a sama, ruɓaɓɓe a ƙasa, wannan dabarar dillalai ce da kowa ya sani, kuma alƙali hannu zai tura har gindin buhu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarin tarin abincin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a ciki ya ji danshi a ƙasa, ya kuma san abin da aka faɗa wa mai shi.

Yanzu gare ki, mai sana'ar gida. Man gyaɗarki ki bar shi ya kwanta, ki tace, ki zuba a sabuwar kwalba ko wadda aka wanke ta bushe ƙarau. Ɗaga ta a rana: in kin ga gari-gari na yawo, sake tacewa. Kada ki taɓa amfani da jarkar da aka zuba maganin feshi ko baƙin mai, ko sau nawa aka wanke ta. Ƙuli-ƙuli ya zama na kwana kusa, mai ƙaras-ƙaras, ba mai warin tsohon mai ba. Man shanu kada a haɗa shi da komai. Daddawa ta bushe, babu yashi. Yaji a tankaɗe shi, kuma kada ki ƙara masa kala don ya yi ja. Masu kilishi su bar naɗe shi a tsohuwar jarida ko takardar siminti. Zuma kuwa, kada a dafa sukari a zuba mata, kada a matse ta da 'ya'yan ƙudan a ciki. In ta daskare don sanyi, ki bar ta haka ki yi bayani, zuma ta gaskiya ma tana daskarewa. Kowane mazubi ya ɗauki sunan kaya, sunanki, garinku, ranar da aka yi da abin da ke ciki. Amma kada ki buga lambar NAFDAC da ba a ba ki ba, wannan laifi ne da ya wuce batun gasa.

Mai tabarma da faifai da hula, ki duba bayan aikinki kafin fuskarsa. Can ake juyawa a ga ƙulli da bakin zare da inda hannu ya gaji.

Ranar gasa ka yi sammako. Ka zo da kaya fiye da abin da aka nema, don hanya kan yi ɓarna. Ka shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, ka kare kayanka daga rana da ƙuda, ka tsaya a rumfarka. In an tambaye ka, amsa abin da aka tambaya, gaskiya kuma a taƙaice. Kada ka yi kamun ƙafa. Kada ka turo kansila ko hakimi ko wani ɗan siyasa ya yi maka magana, kada ka bi alƙali da "ga ɗan goro". Ku ma masu alƙalanci, duk ranar da kyauta ta bi dangi ko jam'iyya, manoman kirki ba za su dawo baɗi ba.

In ba ka ci ba, kada ka yi rigima a fili, kada ka kushe kayan wanda ya ci. Je ka same shi ka ce, "Malam, wane iri ka shuka, a ina ka samo?" Ka tambayi alƙali abin da ya rage wa naka, ka rubuta. In ka sayi iri a wurin, ka tambaya ko na aure ne, domin masara irin aure ba a ajiye 'ya'yanta a sake shukawa, amfaninta raguwa yake yi.

In kuwa ka ci, 'yan kasuwa za su zo neman lambarka. Kada ka ce kana da buhu hamsin alhali ashirin ne a rumbu, da niyyar cike sauran daga kasuwa. Faɗi adadin da kake da shi, ka buɗe buhu mai saye ya zaɓa ya duba da hannunsa, kuma abin da za ka loda masa a mota ya zama daidai da wanda ya gani a teburi.