A ƙaurace wa mai sayar da manhajar da ake taƙaddama a kanta?

Ana yawan tambaya ko ya dace a daina ciniki da shagon da ke sayar da lambar kunna Windows ko Office a farashin da bai kai rabin na kamfani ba. Shawarata ita ce kada a yi gaggawa, domin kaya iri biyu ne ake yi wa kuɗin goro. Akwai manhajar da aka fasa makullinta aka kwafe ta. Wannan sata ce ƙarara, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana ta. Akwai kuma lasisin da wani ya saya da kuɗinsa, ya gama amfani da shi, ya sayar a matsayin na hannu. A kan wannan na biyun, alƙalai da kansu ba su haɗu a magana ɗaya ba.

A 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta goyi bayan kamfanin Autodesk a kan wani mai sayar da tsofaffin faifan AutoCAD a eBay, ta ce wanda ya biya kuɗi izinin amfani kawai ya samu, bai mallaki kayan ba balle ya sayar. A 2012 kuwa Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar UsedSoft da Oracle, ta halatta sake sayar da lasisin da ba shi da wa'adi, muddin mai shi na farko ya daina amfani da nasa kwafin, kuma ba a yanyanka lasisin da aka saya na mutane da yawa ba. To in manyan kotuna sun saɓa haka, da wace hujja za a kashe kasuwar ɗan tireda a Farm Centre ta Kano, wanda gyaran kwamfuta da sayar da caja ne ma rabin abincinsa?

Wani zai ce ai sayen yana ƙarfafa ɓarna. Haka ne game da kayan sata, shi ya sa nake cewa a ƙi kayan, kuma a gaya wa mai shago dalili. Wannan ya fi saurin gyara shi fiye da a ɓace masa shiru. Wani kuma zai ce kamfanonin nan sun ƙoshi, babu abin da zai rage su. Amma kai ne za ka yi asara: Microsoft na iya toshe lambar da aka sayar wa mutane barkatai, fasasshiyar manhaja kan zo da ƙwayar cuta mai satar bayanan banki, kuma sau da yawa ana kashe mata hanyar sabuntawa. Kwamfutocin da ba a sabunta ba su ne ƙwayar cutar WannaCry ta kwantar a 2017.

Saboda haka kafin ka biya, ka tambayi asalin lasisin, ka karɓi rasit, a rubuta maka cewa za a mayar da kuɗinka in lambar ta daina aiki. Wanda ya rantse maka cewa sabo ne daga kamfani alhali ya san ba haka ba ne, ha'inci ya yi, kuma shi ne ya cancanci a ƙaurace masa, a sanar da shugabannin kasuwa ko Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa. In kuɗin na asali ya fi ƙarfinka, manhajojin LibreOffice da Ubuntu kyauta ne, halal ne, kuma sun isa aikin ofis da na makaranta.