Zogalen Bakin Kwata Ba Magani Ba Ne

Jama'ar Dakata da Kawaji da Sauna da kewaye,

Aikina a ɗakin gwaji shi ne jiƙa ganye da saiwa da sassaƙe, in tace ruwansu, in auna abin da ke ciki. Yanzu masu tallar magani da lasifika da masu tura saƙo a WhatsApp duk sun haddace magana ɗaya: "Yana ɗauke da antioksidan, yana kashe kumburi." Ana yawan tambayata ko gaskiya ne. Gaskiya ne, amma rabin zance ne, kuma a ragowar rabin ne lafiyarku take.

Duk lokacin da jiki ya sarrafa abinci da iskar da muke shaƙa, yakan saki wasu burbushin sinadarai masu lalata ƙwayoyin halitta. Hayaƙin taba da na janareto da na masana'antu yana ƙara yawansu. Antioksidan su ne masu tare wannan ɓarna, kamar yadda lemun tsami ke hana yankakken dankali yin baƙi. Shi kuwa kumburi, hanya ce da jiki ke yaƙar rauni da cuta. Sai ya daɗe bai sauka ba yake zama ciwo, kamar na gaɓoɓi.

Muna da wani ruwan gwaji mai launin shunayya da ake kira DPPH. Idan aka ɗiga masa ruwan tsiro mai antioksidan, sai ya koma ruwan ɗorawa. Zogale da zoɓo da sabara da kanumfari da garin ɗan kuka duk suna juya shi. Bagaruwa kam nan take take yi, saboda sinadarin tanin da ke cikinta, wanda da shi ne majeman Kano suka jeme fatun da fatake suka ƙetare Sahara da su. Don haka iyayenmu ba su yi zaɓen banza ba.

To amma kwalbar gwaji ba cikin mutum ba ce. Abin da ka sha sai ya bi ta hanji da hanta kafin ya kai jini. Sinadarin kurkum yana da ƙarfi a kwalba, amma ɗan kaɗan ne ke shiga jini. A 1994 an fitar da sakamakon wani bincike a ƙasar Finlan kan maza mashaya taba sama da 29,000. Waɗanda aka ba ƙwayar sinadarin da ke ba karas launinsa, wanda shi ma antioksidan ne, sun fi sauran kamuwa da kansar huhu. Yawan abu mai amfani yana iya komawa illa. Shi ya sa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, da ta haɗa Niprisan na masu sikila daga karan dafi da kanumfari da masoro da wani itace, ba ta tsaya a kwalba ba, sai da aka gwada shi a kan marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar likitoci.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ɗan unguwar nan shi ne ƙasar da tsiron ya fito. Muna maƙwabtaka da Bompai. Kamfanonin jima na zamani a Bompai da Sharaɗa da Challawa ba da bagaruwa suke jima ba, da sinadarin kuromiyam suke yi. Ruwan dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, na Sharaɗa da Challawa kuma ya nufi kogin Challawa. Masu bincike daga jami'o'inmu sun sha samun kuromiyam da dalma da kadmiyam a ruwan, da ƙasar, da ganyayen da ake ban ruwa da shi. Saiwar tsiro tana iya zuƙar waɗannan ƙarafa tare da ruwan da take sha. Zogalen da ya yi kore shar a bakin kwatar masana'anta zai juya ruwan gwajina kamar kowane zogale, alhali yana ɗauke da abin da ke cin ƙoda a hankali. Wanki ba ya fitar da ƙarfen da ya shiga cikin ganye. Tafasa ma ba ta kashe shi, hasali ma in ruwan ya ƙone sai gubar ta ƙara kauri.

Akwai kuma algus. Wasu marasa tsoron Allah suna daka ƙwayoyin asibiti irin su Dexamethasone da Diclofenac cikin garin maganin sanyin ƙashi. Ciwo zai lafa cikin sa'o'i, a ce maganin yana da kyau. Bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, gyambon ciki ya tashi.

Ga shawarata. Kada a tsinki ganyen magani a bakin kwata, ko juji, ko gefen babban titi. A tambayi mai sayarwa daga wane daji ya samo. A shanya ganye a inuwa, a kan tabarma mai tsabta, don rana da ƙura suna rage masa ƙarfi. A duba lambar NAFDAC a jikin kwalba, amma a sani lambar ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk cututtukan da aka jera. Mai hawan jini da ke shan zoɓo kullum ya gaya wa likitansa, domin zoɓo ma yana sauke jini. Mai ciki da mai ciwon ƙoda ko hanta kada su sha jiƙon da ba su san abin da ke cikinsa ba.

Masu maganin gargajiya, ku iyayenmu ne, kuma ilimin da kuka gada dukiya ce. Ku kawo haɗinku a auna, ku faɗi adadin da za a sha. Hukuma kuma ta tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi. A isar da wannan saƙo ga 'yan uwa, domin idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.