Jinin Maciji da Zafin Makka

Wani mutum daga unguwar Misfala a birnin Makka ya tambayi yadda jinin macizan duwatsun Hijaz, irin su kububuwa, yake ɗaukar iska cikin tsananin zafi.

Amsar tana tattare da haimogulobin, wato furotin mai ɗauke da sinadarin ƙarfe da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda yake karɓar iskar oksijin daga huhu ya kai ta sassan jiki. A jinin ɗan Adam haimogulobin sarƙoƙi huɗu ne a haɗe, amma binciken da aka yi kan wasu macizan ruwa na Brazil ya nuna cewa nasu yakan rabu gida biyu idan ya ɗauki oksijin, sannan ya sake haɗewa bayan ya sauke ta, da taimakon sinadarin ATP mai ba ƙwayoyin jiki ƙarfi.

Zafi yana sassauta riƙon da haimogulobin yake yi wa oksijin, ga shi kuma ɗumin jikin maciji yana bin na muhallinsa. Tsananin zafi na cikin dalilan da suka sa kububuwa take fakewa cikin duwatsu da rana, ta fito da dare, don haka mai tafiya bayan magariba ya riƙe fitila.