Darasin Kimiyya: Yanar Ido da Aikin Ɗan Sa-kai a Sansanin Magani Kyauta

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan ido ne, kuma za mu duba shi ta wajen ayarin likitoci da 'yan sa-kai da ƙungiyoyin addini kan tura wasu ƙasashe su yi magani kyauta. Akwai Mercy Ships ta Kiristoci, wadda aka kafa a 1978, mai jiragen ruwa na asibiti da ke yada zango a tashoshi irin su Dakar da Konakiri. Akwai Gidauniyar Al-Basar ta Saudiyya, wadda ke da Asibitin Ido na Makka a Kano. Tambayar da za mu amsa ita ce: me ya sa aikin yanar ido ya dace da ayarin da zai zo ya tafi, alhali wasu cututtukan ido ba su dace ba?

Mu fara da idon kansa. Bayan baƙin ido akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai, faɗinta kusan milimita 10, aikinta ta tattara haske ta aza shi a bangon bayan ido. Da ruwa da furotin aka gina ta, ba jijiyar jini ko ɗaya a cikinta, kuma jiki ba ya sabunta furotin ɗin tsakiyarta. Shekaru na tafiya yana dunƙulewa, ƙwayar ta riƙa dusashewa kamar gilashin fitilar ƙwai da hayaƙi ya turnuƙe. Wannan ita ce yana. Ciwon sukari, shan taba, buguwa a ido da yawan hasken rana duk suna hanzarta ta, kuma ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya. Ku lura, a cikin ido take, don haka babu tozali ko maganin ɗigawa da zai wanke ta.

Maganinta tiyata ce. A kashe zafin idon da allura, a ɗan tsaga gefensa kamar milimita 6 zuwa 7, a fitar da ƙwayar da ta dusashe, a sa ta roba a gurbinta. Ƙwararren likita kan gama cikin minti 10 zuwa 15, washegari a cire bandeji. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, shi ya fara dasa ƙwayar roba a 1949 a Landan, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar tagar jirgin sama da ya shiga idon matuƙa a Yaƙin Duniya na Biyu bai sa idon ya kumbura ba. To, kun ga amsar rabin tambayarmu: aiki ne na zama ɗaya, mai araha, sakamakonsa a fili.

Ina ɗan sa-kai wanda ba likita ba ya shigo? A bakin ƙofa, wajen tantancewa, kuma a ganina nan ne nauyin sansanin yake. Zai tsayar da dattijo mita 6 daga allo mai harafin E da aka jujjuya, ya rufe masa ido ɗaya, ya ce, "Baba, ina ƙafafun suka fuskanta?" Ba sai mutum ya iya karatu ba, da yatsu zai nuna. In bai ga babban harafin ba, a matso a ce ya ƙirga yatsu. In hakan ma ya gagara, ma'aikacin jinya ya haska tocila ya ga ko baƙin idon zai tsuke. Idan bai tsuke ba, akwai alamar matsalar tana can baya a jijiyar gani, cire yana ba lallai ya dawo da gani ba. Sannan a auna sukari da hawan jini, domin wanda nasa ya hau sosai sai an daidaita shi kafin tiyata.

A wannan layin ne ake kama cutar da ta fi yana mugunta, wato hawan jinin ido. Matsin ruwan ido na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'auni. Idan ya hau ya daɗe, sai ya riƙa cin jijiyar gani daga gefe, galibi ba ciwo, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Mai ita yana bukatar maganin ɗigawa kullum da awo a kai a kai har ƙarshen rayuwa. Ayarin mako biyu ba zai iya masa wannan ba. Kwalba ɗaya ta kyauta za ta ƙare cikin 'yan makonni, mutumin yana zaton ya warke. Taimakon da ya fi shi ne takardar turawa zuwa asibitin ido mafi kusa, da bayani cikin harshen da yake ji.

Ko wanda aka cire wa yana sai an sake duba shi, saboda ƙwayar cuta na iya shiga idon a kwanakin farko ta lalata shi. Ayarin da bai haɗa hannu da likitocin garin ba kafin ya tafi, aikinsa bai cika ba.

Aikin gida: kowa ya zana ido, ya nuna inda yana take da inda hawan jinin ido ke yin ɓarna. Wanda kuma yake da tsoho a gida da ke ƙorafin gani dishi-dishi, ya kai shi a auna masa matsin ido, kada a jira zuwan sansani.