Tsutsa a Cikin Barkono

Idan ka ga barkono ko attaruhu yana zubewa tun bai nuna ba, fasa ɗaya ka duba. In akwai fararen tsutsotsi a ciki, aikin ƙudan 'ya'yan itace ne. Macen ce ke huda fatar ta saka ƙwai. Tsutsa ta cinye ciki, ɗan ya faɗi, ita kuwa ta shige ƙasa, ta fito a matsayin sabon ƙuda.

A nan manoma da yawa ke yin sake. Barkonon da ya zube a ƙasa shi ne gidan haihuwar ƙudan. Tsince shi kullum, ka zuba a baƙar leda, ka ɗaure tam, ka bar ta a rana mako guda. Ko ka binne shi a rami mai zurfin rabin mita. Noma gindin shukar ma yana tono waɗanda suka ɓuya, rana da tururuwa su gama da su.

Feshi ba ya kai wa tsutsar da ke ciki, don haka kada ka ƙona kuɗinka a kansa kaɗai. Rataya tarkon methyl eugenol, yana jawo mazan wani nau'in ƙudan. In akwai mangwaro ko gwaiba kusa, tsince nasu ma, kuma ka yi wa maƙwabcin gonarka magana ya yi haka.