Karatun Aikin Gona da Rabon Ɗalibin Harshe a Cikinsa

A unguwarmu ta Fezzan da ke cikin tsohon garin Maiduguri babu gona ko ɗaya. Unguwar fatake ce tun asali, sunanta ma daga yankin Fezzan na kudancin Libiya ya zo. Shi ya sa ranar da ƙanena ya ce kwalejin aikin gona zai shiga, Baba ya dube shi ya ce, "Noman ma sai an je makaranta?" Ni ma da nake karatun Hausa na taya shi dariya. Wannan maƙala ta biyo bayan abin da na gani ne daga baya, kuma ina ganin ya shafe mu ɗaliban harshe fiye da yadda muke zato.

Yadda karatun yake

Hanya biyu ce sananniya. Ta farko ita ce kwaleji, irin Kwalejin Aikin Gona ta Mohamet Lawan da ke nan Maiduguri: shekara 2 a sami difloma, a fita a yi shekara guda ana koyon aiki, a dawo a ƙara shekara 2 don babbar difloma. Ta biyu ita ce jami'a. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da Tsangayar Aikin Gona, inda digiri ke cin shekara 5, kuma akwai shekarar da ake keɓe wa aiki a gona da hannu. A duk hanyoyin biyu ana neman kiredit a Turanci da lissafi da kimiyyar haɗa sinadarai da ilimin halittu ko na aikin gona.

Idan an shiga sai a rarrabu. Akwai masu nazarin ƙasar noma, da masu tsirrai da cututtukansu, da masu kiwo, da masu tattalin arzikin noma, da kuma masu koyon isar da sababbin dabaru ga manoma. Waɗannan na ƙarshe su ne ke zama malaman gona, kuma nan ƙanena ya faɗa.

Ina ake zuwa bayan an gama?

Wuraren aiki sun fi yadda mutanen unguwa ke tsammani. A Maiduguri akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, wadda aka ɗora wa inganta irin alkama da gero da sha'ir. Akwai Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, mai babban aikin ban-ruwa a Marte, wanda janyewar tafkin, sannan rashin tsaron da ya biyo bayan 2009, suka durƙusar da shi. Akwai hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, da Bankin Manoma, da ƙungiyoyin agaji masu raba iri da taki, da koyarwa a sakandare. Gaskiyar magana dai gurbin gwamnati ya yi kaɗan. Da yawa daga cikin abokan karatun ƙanena shagon iri da magani suka buɗe, wasu kuma suka kama kiwon kaji ko kifi.

To amma duba da kyau, ya mai karatu. In ka cire mai bincike a ɗakin gwaji, kusan kowanne cikin waɗannan da baki yake aiki. Da Turanci aka koyar da shi, da Turanci ya rubuta jarrabawa, amma wanda zai yi wa bayani Kanuri yake ji, ko Larabcin Shuwa, ko Hausa. Nan ne gizo ke saƙar.

Inda harshe ya shigo

Wata rana ƙanena ya kawo mini takardar bayani mai shafi biyu, ya ce in mayar masa da ita Hausa. Na ɗauka aikin rabin awa ne. Kwana uku na yi.

Kalmar "magani" ce ta fara ba ni wuya. Turanci ya raba na kashe ciyawa da na kashe ƙwari da na cutar ganye, kowanne da sunansa, mu kuwa duka magani ne. In mai fassara ya yi ƙiwar ƙara "na ciyawa" ko "na ƙwari", manomi na iya fesa wa wakensa abin da zai ƙone shi. Sai ma'auni. Takarda na maganar hekta, wato murabba'in mita 10,000, kusan eka biyu da rabi, manomi kuwa yawancin lokaci da yawan damin da yake samu yake auna gonarsa. Takarda na cewa mililita kaza a lita, shi kuwa murfin kwalba da tankin goyo ya sani. Haka taki: buhu mai kilo 50 na yuriya da na kamfa duk "takin zamani" ne, alhali aikinsu da lokacin zuba su ba ɗaya ba ne. Ga kuma bambancin karin harshe: ciyawar nan mai shanye gero da dawa wasu na ce mata ƙuduji, wasu wuta-wuta.

Abin da ya fi burge ni shi ne kalmar da manoma da malaman gona suka samar wa irin da aka haɗa daga iyaye biyu: "mai aure", kamar a ce masara mai aure. Kalma ce da ta zauna daram, domin duk wanda ya ji ta ya gane an haɗa biyu ne. Sai dai ba ta faɗa wa manomi cewa in ya ɗebi iri daga abin da ya girbe ya sake shukawa amfanin zai ragu ba. Wannan sai an ƙara masa jimla guda. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta daɗe tana fitar da ƙasidu da shirye-shiryen rediyo na noma da Hausa, kuma irin wannan aiki na buƙatar wanda ya san harshen sani na ilimi.

Sannan ilimin ba daga kwaleji zuwa ƙauye kawai yake gangarowa ba. Ɗauki noman masakwa a ƙasar firgi, baƙar laka mai tsagewa da rani. Ana yayyafa iri a rene shi wajen ƙarshen damina, in ruwa ya janye a huda rami da sanda, a ɗan zuba ruwa, a dasa. Daga nan dawar da laimar da lakar ta riƙe take rayuwa har a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu. Kowane mataki da kowane kayan aiki yana da sunansa a bakin manoman, da Kanuri ko Shuwa. Ƙanena ya ce a makonsa na farko a fili bai koyar da kowa komai ba, rubuta sunaye kawai ya yi ta yi. Littafin yana wurina yanzu, kuma daga cikinsa na ciro batun kundin digirina. Baba kuwa har yau in ƙanena ya shigo gida sai ya ce, "Malamin gona, nawa buhun gero yau?"