Filin Shawara: Ƙanina yana tsere mini a go-kat

Anti, ni da ƙanina muna karatu a Ingila, muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar go-kat, ƙaramar motar tseren nan mai kujera ɗaya. Nauyina kilo 95 ne kuma dogo ne ni, shi kuwa 62. Idan na shiga kwana sai motar ta ƙi bin sitiyari, ko da na kwanta ciki iya ƙarfina. Shi kuwa sumul yake wucewa, ya dawo yana yi mini dariya. Na fara zargin da gangan ya ɗaura kujerar don ta dace da shi. In sayar da kasona ne?

Ɗana, ajiye zargin tukuna. Kwanciyar nan da kake yi ita ke cin ka.

Babur ake kwantarwa cikin kwana, ba go-kat ba. Go-kat ba ta da sifirin, kuma tayoyinta na baya biyu a kan ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa, babu wadda za ta fi wata gudu. Alhali a kwana tayar waje ta fi ta ciki nisan tafiya. Saboda haka aka ƙera shasin yadda zai ɗan murɗe, tayar baya ta ciki ta ɗaga kaɗan daga kwalta, motar ta juya kusan a kan ƙafa uku. Kai kuma sai ka ɗora kilo 95 daidai kan tayar da ke neman tashi. Ta manne ƙasa, ta tura motar gaba. Zauna a miƙe, bayanka a jikin kujera, ka bar nauyinka ya faɗa gefen waje. Ranar ruwan sama ma ƙwararru har karkata suke yi waje da gangan.

Kujerar ma tana da hannu. Motar kanta ba ta wuce kilo 80 sosai ba, ka ga ka fi ta nauyi, don haka inda ka zauna nan ne nauyinta yake. Ku nemo sikelin awon mutum guda huɗu, ku sa ɗaya ƙarƙashin kowace taya a daɓe mai daidai, ka shiga da hular kwano, hannu kan sitiyari. Abin da masu harkar ke farawa da shi shi ne kashi 43 cikin ɗari a gaba, 57 a baya, hagu da dama kusan daidai. Kujera ta yi gaba da yawa, baya zai riƙa zamewa. Ta yi baya da yawa, gaba ya ƙi kamawa. Santimita ɗaya za ka riƙa matsar da ita, ka zagaya, ka duba agogo. Dogon mutum irinka kuma kujerarsa ƙasa take so, ta ɗan kishingiɗa, in ba haka ba motar ta dinga tsalle a tsakiyar kwana.

Kujera ɗaya ba za ta ishe ku ba, kowa ya sayi tasa, ya fi sauƙi a kan raba gari. Batun dariya kuwa, a gasar gaske akwai mafi ƙarancin nauyin mota da direba a haɗe, marasa nauyi dalma ake ɗaure musu a jikin kujera da kusoshi. Ce wa ƙaninka ya ɗaura kilo 33 ɗin da ke tsakaninku, sannan ku sake gwadawa.